Jakar Goyo, Shafi na 14: Ɓarawon Pwezar Mwatuni

Kafin mu ci gaba, akwai wata 'yar ƙarya da na ba ku ajiya, yau na zo karɓar abata.

A shafi na 11 na ce muku pwezar nan, dabbar teku mai hannu takwas, da na dafa da kwakwa ranar Talata, saya na yi a hannun wata tsohuwa. Har wani bawan Allah a cikinku ya ce in gaishe ta. To, babu tsohuwa. Ni na ƙirƙire ta, na ba ta haƙori ɗaya don ku yarda. Yau Allah Ya yi mata rasuwa.

Masu yi min tsiya cewa na kwana huɗu ban turo komai ba, na ji. Ba caji ne ya ƙare ba. Kunya ce. Ba a gaggawar zuwa inda za a tuɓe wa mutum hula a kasuwa.

Sababbin zuwa, ga ni a taƙaice. Sunana Vuai, shekarata hamsin da huɗu. Ashirin da shida daga ciki na yi su ne a tashar jiragen ruwa ta Unguja ina yaga tikiti, ina kallon 'ya'yan Turawa suna wucewa da jakar goyo kamar kunkuru, za su tsibiran da ni haifaffen nan ban taɓa takawa ba. Da na ajiye aiki na sayi tawa jakar a gwanjo, na ja aminina Kombo tela, muka ce tsibiri bakwai za mu zaga kafin gwiwa ta ƙi. Huɗu sun sake mu. Na biyar, Mwatuni, ya riƙe.

*

Ranar Asabar da hantsi ina naɗe tabarma, wari ya doki hancina.

Na fara zargin kaina, don mako uku ke nan ni da sabulu daga nesa muke gaisawa. Ba ni ba ne. Na zazzage jaka ko wani busasshen kifi ya manta kansa a ciki. Ba shi ba ne.

Na juya wurin Kombo. Yana kwance ya ba bango fuska, ƙafar dama a naɗe da zanen matarsa.

"Kombo."

"Mm."

"Buɗe ƙafar nan."

"Taka ce?"

"Buɗe, na ce."

"Vuai, bar ni da nawa ciwon, je ka nemi naka."

Na kama zanen na warware. Bai hana ni ba, abin da ya fara tsorata ni ke nan. Kombo mutum ne da ko hularsa ka taɓa sai ka ji tarihin kakanka.

Kun tuna yankan da dutsen ruwa ya yi masa ranar da muka sauka, wanda bai kai farce ba, muka yi masa dariya? Yanzu ƙafar ta zama tulu. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar an gasa su. Wani jan zare ya taso daga idon sawu yana hawa ƙwauri.

Na san wannan warin. Kawuna ya yi irinsa mako ɗaya kafin a raba shi da ƙafarsa, mako biyu kafin a raba mu da shi.

"Kombo, dube ni. Kana da suga?"

Ya ƙura wa rufin ɗaki ido kamar an rubuta amsar a jikin ganyen kwakwa.

"Shekara shida."

"Shekara shida! Kullum tare muke shan shayi, kana zuba cokali uku!"

"Biyu ne nawa. Na ukun don kar ka gane ne."

"Ina maganin?"

"Ka tuna ranar da jakata ta faɗa ruwa muna sauka daga jirgi, kana ta dariya har da riƙe ciki?"

Na tuna. Har hoto na ɗauka.

"To, ƙwayoyin sun zama kunu. Na shanya su a kan dutse, kaza ta cinye. Tana nan lafiya, na ga ma ta ƙara ƙiba."

"Yau kwana nawa?"

"Sha ɗaya."

Na zauna daɓas a ƙasa.

"Me ya hana ka faɗa min, don girman Allah?"

"Da na faɗa, da ka ce mu koma gida." Ya lashi leɓe, ya bushe kamar ɓawon rogo. "Shekara talatin ina gaban keke ina ɗinka wa mutane kayan tafiya, Vuai. Ni ban taɓa zuwa ko'ina ba. Ranar da manyan kifayen nan masu tsalle suka raka jirginmu, ka ce me ya same ni, na ce gishiri ne ya shiga idona. Ba gishiri ba ne."

"Mwatima ta san ka taho da wannan ciwon?"

Mwatima matarsa ce. Ko a waya take magana, miƙewa nake.

"Ta sani. Ta ce ba inda za ni. Sai na ce mata kai ma ka sani, kai ke riƙe da maganin, kai za ka riƙa ba ni safe da yamma."

"Ni?"

"Ta ce tunda Vuai ne, hankalina ya kwanta."

*

A Mwatuni babu asibiti. Asibiti yana can tsibirin Pemba, tafiyar awa uku a jirgi mai inji, kuma jirgi mai inji ɗaya ne a duk tsibirin. Sauran kwale-kwale ne, da iskar kusi mai tasowa daga kudu tana kaɗawa ko mahaukaci ba ya tsallakawa da su.

Na fito a guje. Hanya ta buɗe min fiye da yadda nake so. Mata suka janye tukwanensu, maza suka tuna da abin yi a bayan gida.

Ga dalili, kuma yau gaskiyar zan faɗa.

Mutanen nan sun rufe duwatsun ruwansu wata uku. Ba mai taɓa pweza sai ranar buɗi, don ta yi ƙiba ta hayayyafa, kowa ya samu. Mata ne ke gadi, rana da iska. An gaya mana tun ranar da muka sauka, na gyaɗa kai har wuyana ya yi ƙara.

Ranar Talata kuwa, bayan kwana shida ina cin rogo tsura, na fita shan iska da ruwa ya janye. Sai ga hannun pweza yana leƙowa daga rami, mai kauri kamar igiyar jirgi. Na waiwaya, babu kowa. Na ce wa kaina ai teku ba gonar uban kowa ba ce. Wannan ita ce hikimar ɗan birni idan yana jin yunwa.

Laraba masu gadi suka tarar da ramin a fashe, ga sawun takalmi mai zane a ƙasa. Duk Mwatuni mutum biyu ne masu irin wannan takalmin, kuma rana ɗaya muka saye su a hannun mutum ɗaya.

Sau uku aka yi sanarwa a masallaci, wanda ya yi ya fito a rufa masa asiri. Ina sahu na biyu ina girgiza kai don takaicin halin mutanen yanzu. Alhamis bayan la'asar aka karanta Halbadiri, karatun nan da ake yi wa ɓarawon da ya ƙi fitowa, a bar shi da Allah. Na fi kowa ɗaga murya wurin amin.

Juma'a Kombo ya faɗi da zazzaɓi.

Tun daga nan mai masaukinmu ta daina shigo mana da abinci. A kan dutse take ajiyewa, ta tafa hannu, ta gudu.

*

Na tarar da Nahodha Faki, mai jirgin, zaune a inuwar jirginsa yana cusa auduga a tsagin katako. Jirgin na kwance kan yashi, ruwa na can nesa bai dawo ba.

"Salamu alaikum, Nahodha."

"Wa alaikumus salam, mai jaka. Tsaya daga nan, ina jin ka."

"Abokina zai mutu."

"Kowa ma zai mutu."

"Nahodha, ƙafarsa ta fara ruɓewa. Idan bai kwana a asibiti yau ba, gobe sai dai a yanke. Jibi ba na son in faɗa."

Ya ajiye guduma. Ba mugun mutum ba ne, shi ne abin haushin. Da mugu ne da na samu wanda zan zaga.

"Bwana Vuai, mu biyar ne a jirgin nan, kowa da masu jiransa a gida. Ga kusi tana tashi. Ka ce in ɗauki mutumin da aka yi wa Halbadiri in shiga tsakiyar ruwa da shi? Idan abin ya zo ɗaukarsa, tsayawa zai yi ya tambayi sunan kowa?"

"Ba Halbadiri ba ne! Suga ne! Shekara shida yana da shi!"

"Shekara shida."

"Wallahi."

"Shekara shida yana yawo da ƙafarsa. Alhamis aka yi karatu, Juma'a ya faɗi. Sugar taku kalanda take dubawa?"

Na kwance agogon da aka ba ni ranar da na ajiye aiki, mai sunana a baya, na miƙa masa da hannu biyu.

Ko kallonsa bai yi ba.

"Mayar da abinka. Ni ga agogona can." Ya nuna teku da haɓa. "Da azahar ruwa zai cika. Awa ɗaya yake ba mu mu fita ta mashigi. Idan ya juya, sai gobe."

"To me zan yi? Ka faɗa min. In durƙusa? Ga shi na durƙusa."

Na durƙusa kuwa. Gwiwata ta yi wata ƙara da ta sa ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya waiwayo.

"Tashi, kai ba yaro ba ne. Ko ni na yarda, waɗannan ba za su hau ba." Ya ɗauki gudumarsa. "Je wurin Bi Miza, ita ce shugabar masu gadi. Idan ta ce ba abokinka ba ne, ni zan goya shi da kaina, ko man inji ba na so. Amma ka sani, ba za ta ce ba shi ba ne sai an samu wanda shi ne."

Ya dube ni. Ya dubi takalmina. Ya koma kan audugarsa.

*

Gidan Bi Miza yana dama. Na yi hagu, na koma ɗaki. Na ce wa kaina ruwa zan ba Kombo.

Jikinsa kamar murhu. Na ɗaga kansa, ya kurɓa kaɗan, sauran ya bi gemu.

"Sun ƙi ko?" ya ce.

"Suna shawara."

"Ba ka iya ƙarya ba, tsoho."

Da ya san ni da kyau da bai faɗi haka ba. Ko kuma ya sani, shi ya sa.

"Kombo, pwezar nan ta ranar Talata..."

"Na sani."

"Ba ka san me zan ce ba."

"Ka dawo wandonka a jiƙe har ƙugu, hannunka baƙi da tawadarta, kana haki kamar wanda kare ya biyo. Kuma duk garin nan babu tsohuwa mai haƙori ɗaya. Na duba."

"Tun ranar ka sani, ka yi shiru? Mutane na tofar da yawu idan sun wuce ƙofar nan, da sunanka!"

"To ni ina kwance, me sunan ɓarawo zai ƙara min? Ko nauyinsa ba na ji." Ya kama hannun rigata. Ƙarfin hannun bai kai na jariri ba. "Kar ka je, Vuai. Na san ka. Kai ranar da aka ce ka ba da canji ba daidai ba, wata guda ka yi ba ka fita shan kofi ba. Waɗannan matan za su cinye ka ɗanye."

"Ƙafarka fa?"

"Ai biyu ce. Keken ɗinki da ɗaya ake takawa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma wani abu da ban san sunansa ba. Idonsa ya juye, ya fara kiran Mwatima yana ce mata ta rufe taga ruwa zai shigo.

Zan so in ce muku nan take na miƙe kamar namiji. Minti ashirin na yi ina gyara maɗaurin jakata, wanda babu abin da ya same shi. Na ninke riguna. Na warware na sake ninkewa. Har na yi tunanin ko Halbadiri na iya kuskuren adireshi ya tsaya a inda ya sauka, kowa ya huta.

Sai na ji ƙarar ruwa ta canza. Ya fara dawowa.

*

Bi Miza na gindin kuka da mata kusan ashirin, suna tsince ciyawar teku da suka shanya. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, fatarta ta sha rana har ta gaji, haƙoranta kuwa cif, ko ɗaya bai faɗi ba.

Na duƙa na yi mata gaisuwar da muke yi wa manya. "Shikamoo, Inna."

Ba ta ce marahaba ba.

"Idan roƙo ka zo yi wa ɓarawo, ɗan birni, ka makara. Sau uku aka kira shi."

"Ba roƙo na zo ba."

"To me? Hoto? Mun gaji."

Matan suka yi dariya.

"Inna, Kombo bai taɓa zuwa wurin duwatsun nan ba. Tun ranar da muka sauka ɗingishi yake, kowa ya gani."

"To aljani ne ya ari takalminsa?"

"Takalmin iri ɗaya ne da nawa."

Hannuwa suka tsaya da tsinta.

"Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

"Ni ne. Ni na fasa ramin. Ni na ɗauka."

Sai wata daga baya ta tafa hannu.

"La ilaha! Ba wannan ne mai amin ɗin nan ba?"

"Shi ne! Mijina ya ce har kunnensa ya yi zafi!"

"Kalli tumbinsa, ashe namu ne a ciki!"

"Da furfurarka, Baba? Da jakarka ta Turawa?"

Bi Miza ta ɗaga yatsa ɗaya, duk suka yi tsit. Ta miƙe. Ko kafaɗata ba ta kai ba, amma ni ke kallon sama.

"Kowa na iya cewa shi ne don ya ceci abokinsa. Wane rami?"

"Bayan dutsen nan mai kama da raƙumi a durƙushe. Akwai tarin ɓawon ƙaguwa a bakinsa."

"Da ka zura sanda, ta gudu?"

"A'a." Ban san me ya hau kaina ba, sai na ji wani ɗan alfahari ya taso. "Ko motsi ba ta yi ba. Da hannu ma na jawo ta."

Wata mata ta rufe baki da zani.

"Ka ɗauka gwaninta ce," in ji Bi Miza a hankali. "Pweza ba ta tsayawa a kama ta, ɗan birni. Ni shekara sittin ina bin ta, har yau tana yi min wayo. Wadda ta ƙi gudu, a kan ƙwai take. Ba ta ci, ba ta fita, tana nan tana yi musu fifita har su ƙyanƙyashe. Da muka je, ƙwan na rataye a rufin ramin kamar zangarniyar gero, duk sun mutu. Dubbai. Don irinta muka rufe ruwan nan."

Ta matso kusa da ni.

"Kwana tamanin da ɗaya jikokina na cin rogo da gishiri. Ƙaramar tana tambayata, Bibi, ba ga pweza can ba? Ina ce mata ba namu ba ne tukuna. Kai kwana nawa ka yi?"

"Shida."

"Shida."

Ta maimaita shi kamar tana ɗanɗana abu mai tsami.

Na faɗi a gabanta, wannan karon gwiwa biyu.

"Inna, ki yi min duk abin da ake yi. Ki ɗaure ni a kukar nan. Ki sa a zaga gari da ni. Amma mutumin can tela ne, allura kaɗai ya taɓa ɗauka a duniya, ita ma tasa ce. Ciwon suga gare shi, maganinsa ya lalace, ya ɓoye min don kar in katse masa tafiya. Matarsa ta ba ni amanarsa ban ma sani ba. Ruwa na dawowa, Inna. Ki duba. Ki duba, don Allah."

Ta duba. Ruwa ya riga ya taɓa gindin jirgin Nahodha.

"A kira min Maalim Shaame," ta ce. "A kira Faki."

*

Kafin limamin ya iso, duk Mwatuni ta iso. Ban san tsibirin na da mutane haka ba. Har wani tsoho da aka ce ya shekara bai fita ba, an kawo shi a kujera.

Aka sa na maimaita a gaban maza. Na maimaita. Aka ce waɗanda ke baya ba su ji ba. Na ƙara.

Maalim Shaame ya saurara yana shafa gemu, sannan suka koma gefe shi da Bi Miza da dattawa uku. Ni ido na kan ruwa. Jirgin ya fara motsi a kan yashi kamar mai juyi a barci.

Bi Miza ce ta faɗi hukunci.

"Kai ba za ka taka jirgin kowa ba sai bayan buɗi. Kwana tara. Kullum za ka bi mata gadi, ka ɗauki ruwan shansu. Ranar buɗi kai za ka ɗauko wa kowace kamunta daga bakin ruwa zuwa sikeli, a cikin jakar nan taka da ka zo yawon duniya da ita. Abin da ke tsakaninka da karatun da aka yi kuwa, wannan kai da Ubangijinka."

"Na yarda. Na yarda, Inna. Shi fa?"

"Marar lafiya ba shi da laifi. Faki, ɗauke shi."

Wallahi ban san lokacin da na rungumi Nahodha ba. Ya ture ni da gwiwar hannu, yana ba mutanensa umarni. Maza huɗu suka ruga da gadon igiya. Aka ɗora inji. Mai masaukinmu, wadda ta kwana biyu tana gudunmu, ta fito da tulun ruwa da dafaffiyar ayaba tana kuka tana cewa ita dama zuciyarta ba ta taɓa yarda ba.

Aka fito da Kombo. Rana ta doki fuskarsa ya buɗe ido. Ya ga taron, ya gan ni da yashi a gwiwa.

"Sakarai," ya ce. "Na ce kar ka je."

"Rufe min baki. Idan ka isa ka ce wa Mwatima kullum ina ba ka magani."

Masu gado suka shiga ruwa har gwiwa. Inji ya yi tari sau biyu ya kama. Ladan na gyaran murya don kiran azahar. Ruwa ya cika fal, mashigi a buɗe, kamar Allah Ya shimfiɗa tabarma.

"Ku dakata."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ne, wani dogo mai tabo a goshi. Yana tsaye a ruwa, ya dafe gefen jirgi da hannu, ya tare hanyar gadon.

"Maalim, a gafarce ni. Ni ina wurin da aka yi karatun nan, kuma na ji abin da aka ce. Ba wanda ya ɗauka kaɗai aka ambata ba. An ce wanda ya ɗauka, da duk wanda ya sa a bakinsa."

Maalim Shaame ya gyaɗa kai.

"Haka aka ce."

"To ɗaki ɗaya suke kwana. Tukunya ɗaya gare su. Ni 'ya'yana huɗu, Maalim. Ba na hawa sai na ji."

Sauran ukun suka saki igiya. Nahodha ya rage wa inji murya. Masu gado suka tsaya cak, ruwa na dukan cinyoyinsu, Kombo na lilo a sama kamar kayan da ba a san mai shi ba.

Duk idanu suka dawo kaina.

"Ni kaɗai na ci," na ce. Ya fito da sauri, sumul, irin na gwani.

"Bakinka mun riga mun san shi," in ji Bi Miza. "Maalim."

Maalim ya aika masallaci. Aka kawo Alƙur'ani a naɗe cikin koren ƙyalle. Ya warware shi a hankali, ya ɗora a tafin hannuwansa biyu, ya matso har ina jin ƙamshin turaren jikinsa.

"Kana da alwala, Bwana Vuai?"

"Ina da ita."

"To ɗora hannunka. Ka ce kai kaɗai ka ci, ko loma abokinka bai taɓa ba. Kana faɗa, jirgi na tashi."

Nahodha ya dubi mashigi ya ce, ba da kowa yake ba, "Ruwa ya kusa juyawa."

Na ɗaga hannuna. Na dubi Kombo. Yana kallona, yana girgiza kai a hankali, ban sani ba ko kar in rantse yake nufi, ko zazzaɓi ne.

Hannu takwas Allah Ya yi wa pweza. Ni uku na ci. Kombo ya ci biyar.